Rubutuna a Gefen Takardun Ɗanlami

Shekara goma sha huɗu ke nan, a lissafin wata, da muka kai Alhaji Ɗanlami Akawu makwancinsa a Inugu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Na fara da addu'a domin abin da zai biyo baya ba yabo ba ne zalla. Shekara arba'in muka yi muna zama benci ɗaya da shi, kuma babu shekarar da ban yi kishinsa ba. Na ɗauka kishin ya bi shi kabari. Sai bana na gane yana nan da ransa.

Mota ɗaya ta dawo da mu Inugu bayan yaƙin basasa, motar albasa, muna zaune a kan buhuna, mu samari. Muka tarar da rumfunan iyayenmu a kasuwar Ogbete, wasu sun rushe, wasu da mutane a ciki. Kowa na bukatar takarda: mai neman rumfarsa, mai neman shaidar ya taɓa zama a wuri kaza, mai son a faɗa wa gida ya iso lafiya. Ni na yi karatun allo har na sauke, kuma hannuna a ajami, ba alfahari ba, dattawa kan riƙe shi su daɗe suna kallo. Wurina ake zuwa. Ɗanlami ya ɗan taɓa makarantar boko, aikinsa shi ne rubuta adireshi a bayan ambulan.

Sai kuɗin man fetur ya zubo. Ofisoshi suka yawaita, kuma kowane ofis takarda bugaggiya yake so. Ɗanlami ya tafi Anaca ya dawo da tafireta a kafaɗa. Daga ranar layi ya koma gefensa. Ƙarar injin nan kaɗai kan jawo mutum daga rumfar 'yan shinkafa. Aka sa masa suna Akawu. Ya sayi babur, ya riga ni zuwa Makka da shekara tara. Idan ya ga ina feƙe alƙalami sai ya ce, "Malam Habu, a hankali, kada ka yanke hannun da jama'a ke ji da shi." Ni kuma in ce, "Ka dai ci gaba da ƙwanƙwasa, maƙeri." Muna dariya, amma cikina ba ya dariya. Har bokon na koya a ɓoye, ba don ina son sa ba, don kada ya fi ni.

Abu ɗaya ya hana a kore ni daga bencin. Mutanenmu ba sa dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke ciki ba. Idan Ɗanlami ya buga, yakan sa kabon ya fitar da kwafi. A gefen kwafin nan ni kuma in rubuta da ajami abin da takardar ta ƙunsa, da sunan mai ita na ainihi, da na mahaifinsa, da garinsu, da gidan da ya sauka. In karanta masa, ya duba da idonsa, sannan ya dangwala. Sun yarda ba a yin ƙarya da haruffan da aka rubuta Alƙur'ani da su. Ban taɓa rubutu a kan wadda za a kai ofis ba, domin takardar ofis takan faɗi a ƙasa a taka. Saboda haka wasiƙuna sun tafi Arewa ba su dawo ba, abin da ya rage na hannuna duk yana gefen takardun Ɗanlami, a cikin adakarsa.

Adakar nan 'yarsa Hajara ta buɗe bana. Malamar makaranta ce a Abakpa, a nan aka haife ta, Ibonta ya fi na masu garin. Ta ɗauki hoton takardun ɗaya bayan ɗaya da sikana, ta zuba a kwamfuta. Amma hoto hoto ne, ba ka iya neman suna a cikinsa. Burinta jikan wani ya buga sunan kakansa, takardarsa ta fito. Don haka sai an samu manhajar da ke duban hoton takarda, ta gane haruffan, ta mai da su rubutu.

Uku ta samo. Ta farko sai an tura mata takardun ta intanet, Hajara ta ce ba za ta aika sirrin mutane inda ba ta sani ba. Saura biyu. Ta zo har gida a kan okada, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, kai kaɗai ka rage da ya san takardun nan. Ka zo ka yi mana alƙalanci."

Muka zaɓi shafi goma na Hausa, da masu kyau da waɗanda kabon ya dushe. Manhaja ta biyu ta karanta su kamar tana tsaye a bayan Ɗanlami lokacin da yake bugawa. Sai dai kafin ta karanta takan gyara shafin, ta miƙe shi, ta goge tabon manja da sawun ruwa. Na duba allon kwamfutar na ga gefen takarda fari fat. Na ce, "Ina rubutun da ke nan?" Hajara ta yi ƙasa da murya. "Baffa, ta ɗauka datti ne."

Ta uku ba ta goge komai ba. An ce tana jin Larabci, amma na ɗab'i ta sani, ba na hannu ba. Ta mai da rubutuna tarin haruffa marasa kai, kuma garin kokawa da shi sai ta riƙa haɗiye layukan Ɗanlami. Na gani sarai. Amma aƙalla ta san akwai ni a shafin.

"Wacce ta fi, Baffa?"

Na ce ta uku.

Ni da aka riƙe a benci shekara arba'in saboda an yarda ba na ƙarya a takarda. Ta dube ni, ta ce to, ta yi mako guda tana aiki da ita.

Ranar Asabar ta dawo da shafi ɗaya. Takardar Garba mai kilishi ce, wanda ya nemi a mayar masa da rumfarsa, ya lissafa 'ya'yansa huɗu da za su gaje ta. Manhajar ta cinye layin da sunayen suke. Hajara ta ajiye takardar a kan buzuna.

"Baffa, abeg, gilashin ne ya mutu ko idon?"

"Ba ko ɗaya."

"To mene ne?"

Na ce, "Babanki ne. Ya mutu ma bai bar ni ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, irin dariyarsa sak, sannan ta share ido ta ce, "Shi kuma kullum cewa yake da yana da hannunka da bai sayi ƙarfe ba." Ban sani ba ko gaskiya ne ko lallashi. Ban tambaya ba, ina tsoron amsar. Na nemi gafararta, na nemi ta Allah, na ce ta koma wa ta biyu.

Nakan tambayi kaina me Ɗanlami zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai ja kujera kusa da kwamfutar, ya hana kowa taɓawa. Zai so sanin sirrin kowane maɓalli kafin la'asar. Kuma da ya ji an kira rubutuna datti, zai yi wata guda yana maimaita mini a bakin masallaci. Amma na yi imani ba zai yarda a bar gefen shafin fari ba, domin ya san takardarsa tana cewa "Malam Garba, ɗan kasuwa," kuma a Ogbete kaɗai Garba ɗan kasuwa ya fi a ƙirga. Gefen ne ke faɗin wane Garba.

Ga yadda Hajara ta tsara. Manhaja ta biyu ta karanta bugun mahaifinta, hoton asali kuma a ajiye shi kusa da kowane shafi ba tare da an goge komai ba. Gefen kuwa, tun da ba mu sami na'urar da ta iya ba, ni nake karantawa, ita tana bugawa. Duk Asabar daga hantsi zuwa azahar.

Aikin Ɗanlami na shekara arba'in, yini ɗaya ya ishi kwamfutar ta karance shi. Nawa, wata biyar ke nan ba mu ci rubu'in adakar ba. Tawadar ta koɗe, idona na dama ya fara hazo, wani shafin sai na kai shi bakin ƙofa. Yaran da ke tasowa a unguwa suna karanta Alƙur'ani, amma ajamin hannu ba sa iya bi. Duk gefen da ban kai gare shi ba, hoto zai zauna, a kalla a wuce.

Idan aka auna abin da ya rage na Ɗanlami, to shi ya tsira. Kalmominsa sun shiga inda gara ba ta kaiwa, ya kuma bar 'ya mai riƙon amanar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ya cancanta. Bai taɓa buga wa mutum abin da bai faɗa ba, kuma sau da yawa yakan yi wa sabon zuwa takarda ya haɗa masa da abinci. Ina shaidar wannan a gaban Allah, kuma ina shaidar har yau idan na ga shafinsa ya fito tsaf a allo, wani abu yakan soke ni a ƙirji. Nakan yi istigfari, in gyara gilashi, in ce wa Hajara ta miƙo na gaba.

Allah Ya gafarta wa Ɗanlami. Ni kuma Ya ara mini ido zuwa ƙasan adakar.