Ranar da Baba Ya Raba Kaza

Wata huɗu Baba ya yi yana gaba da abinci. Tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a gonar dawa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita ya hana shi gishiri da maiƙo da duk wani abu soyayye, sai ya ɗaure baki. Ba ya faɗa, ba ya zagi. A kawo kwano, ya dube shi, ya juya fuska bango. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a soja, wanda kowa a unguwarmu ta Zuru ke kira Saje, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida har awaki sai sun shiga taitayinsu, shi ne ya rame wuyansa ya koma kamar sillen kara.

Ni ce 'yarsa ta biyu. Aikin jinya nake yi, kuma a lokacin ina ji da karatuna ba kaɗan ba. Ana saura kwana goma Kirsimeti na ɗauki hutu na dawo gida, na faɗa madafar Mama kamar duba-gari. Na kwashe dunƙulen miya, na ɓoye gishiri a saman kabad, na rubuta dokoki a takarda na manna a bango. Mama ta dubi takardar, ta dube ni.

"Likita," in ji ta, don haka suke kirana in za su tsokane ni, "ita takardar za mu dafa masa?"

Ban yi dariya ba. Ni a ganina rashin gishiri ne kaɗai matsalar, in na samo dabarar da abinci zai yi daɗi ba gishiri, shi ke nan. Na yi faten wake, na yi kunun gyaɗa, na yi farfesun kifi. Duk abin da na dafa, sai in yayyanka shi ƙanana, in murƙushe, in kai masa ɗaki, in zauna a bakin gado da cokali ina lallashi. Mu kuwa sai mu koma bayan madafa mu ci namu a ɓoye, kada ƙamshi ya kai masa. Cokali biyu yake karɓa, in an yi sa'a uku.

Tsoro nake ji, gaskiya. Na ga irin wannan a asibiti, na san inda yake kai mutum. Tsoro nake ji kada Baba ya mutu da yunwa a gidan da rumbu uku ke cike da dawar da ya noma da hannunsa. Wata rana haƙurina ya ƙare, na dire kwano a kan tebur na ce, "Haba Baba! So kake ka kashe Mama da baƙin ciki?" Ya daɗe yana kallona. Sannan da harshensa da ya yi nauyi ya ce, "Ɗauke." Na ɗauke, na zaga bayan rumbu na sha kukana.

Ana gobe Kirsimeti yayana ya iso. Shi ma soja ne, hutun kwana biyar aka ba shi. Da ya fito daga ɗakin Baba sai ya ɗauki gatari ya hau faskaren itace har Mama ta ce ya isa haka, ba biki za a yi ba.

A gidanmu kazar Kirsimeti soyawa ake yi, ta yi iyo a man gyaɗa. Na ce bana ba wannan zancen. Gasa ta za a yi ɗungurungum, a kan kayan lambu, ba gishiri, mai kuwa cokali ɗaya. Yaya ya ce, "Wato mu ma an kwantar da mu asibiti ke nan." Na ce in bai so ba ya je kasuwa ya ci tsire.

Da sassafe na hau babur na tafi kasuwa, sanyi na yanka mini kunne. Lokacin ne kayan lambu ke arha, masu noman fadama sun baje su har kan hanya. Na zaɓo karas masu ganye a kai, da jar albasa, da tattasai, da dankalin Hausa, da rabin kabewa mai ja sosai, da ƙaramin kabeji. Kafin in dawo Mama ta kama budurwar kaza mai ruwan toka, ta ce tsohon zakara in aka gasa shi sai an nemo zarto. Maƙwabcinmu Musulmi ne, kuma shi ke yanka mana duk Kirsimeti don in an aika musu su ci hankali kwance. Ya yanka, ya leƙa ya gaida Saje, ya fito yana girgiza kai.

Bayan mun taso daga coci na zauna aiki. Na daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari, na matse lemun tsami uku, na tsattsaga kazar da wuƙa na cusa mata haɗin ciki da waje. Ina cikin yi Mama ta zo ta jefa daddawa a turmin.

"Mama! Ba ta cikin tsarina."

"Akwai gishiri a daddawa?"

"Babu."

"To daka."

Na daka ina ƙunƙuni. Yau shekara nawa ke nan, ban taɓa gasa kaza ba daddawa ba, kuma ban taɓa gaya mata ita ce da gaskiya ba.

Ba mu da tanda ta zamani. Abin da muke da shi babbar tukunyar ƙarfe ce da Mama ke gasa kek a ciki tun suna bariki. Ana zuba yashi a gindinta, a jera gwangwanayen madara uku, a ɗora faranti a kai, a rufe. Na sha ganin ana yi, sai na ɗauka na iya. Na shimfiɗa karas da dankali da kabewa da albasa a farantin, na kwantar da kazar a kansu, na rufe, na ɗora a murhu a tsakar gida. Na cika masa itacen da Yaya ya faskara, wuta na ci bal-bal. Mama ta tafi kai wa maƙwabta shinkafa, ba wanda zai ce mini kul.

Ba a jima ba ƙauri ya fara tashi.

Sai na ji murya daga tagar ɗakin Baba. Kalmomin a murɗe suke fitowa, amma muryar ta Saje ce, irin wadda rabona da ita tun kafin ciwon.

"Wane ne ke ƙona abinci?"

Na daskare da muciya a hannu. Yaya ya miƙe tsaye kamar an kira shi fareti.

"Fitar da ni," in ji Baba.

Yaya ya tallabo shi, ƙafar dama na jan ƙasa, ya zaunar da shi a kujerar katako a gindin mangwaro. Na kawo bargo na lulluɓa masa. Bai ko kalle ni ba, tukunyar yake harara. Ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya nuna murhun.

"Janye itace. Duka."

Na janye.

"Garwashi kaɗan a ƙasa. Sauran a kan murfi."

Ashe haka ake yi! Wutar sama ce ke gasawa, ta ƙasa ɗumi kawai take ba yashi. Na kwaso garwashi da tsohon faranti na baza a kan murfin. Na buɗe na tsince albasar da ta ƙone, na juya dankalin, na ƙara ruwa rabin kofi kamar yadda ya ce. Kabeji kuwa ya ce a ajiye shi sai can ƙarshe, in ba so nake ya zama tsumma ba.

Sa'a ɗaya da rabi muka yi a haka. Duk lokacin da na kai hannu zan leƙa, sai ya buga sanda a ƙasa. "Kar ki buɗe. Ke ba ki da haƙuri tun kina goye." Mama ta dawo ta same shi a waje yana ba da oda, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanoni a hannu. Ta wuce madafa, sai dai na ga yadda ta ajiye kwanonin a hankali kamar masu fashewa.

Da ya ce a buɗe, kai! Kazar ta yi ja-wur, fatar ta ƙame tana sheƙi. Romonta ya tsiyaye cikin karas da kabewa, gefen dankalin ya yi baƙi-baƙi yana danƙo. Ƙamshin daddawa da citta ya cika gidan. Na sauke farantin, na ɗauko wuƙa. Nufina in yanko masa ƙirji, in cire fatar, in yayyanka ƙanana, in kai ɗaki kamar kullum.

"Ajiye wuƙar," in ji Baba.

Na buɗe baki zan yi bayani, Mama ta ja mini zane ta baya. Ta shimfiɗa tabarma a gabansa, ta jawo ɗan tebur, ta ɗauki farantin ɗungurungum ta ɗora. Ta kawo ruwa ta wanke masa hannun hagu. Ta ce mu zauna.

A nan ne abin ya faɗo mini, kunya ta rufe ni. Tun muna yara a bariki, ba wanda ke raba kaza a gidanmu sai Baba. Mama ta dafa, amma shi ke zama a tsakiya ya yaga da hannunsa, ya kira kowa ya miƙa masa rabonsa. Ko baƙo ne a gidan, daga hannunsa yake karɓa. Wata huɗu ke nan ana ba shi a baki a cikin ɗaki, mu muna ci a ɓoye. Ni da takardata ina can ina lissafin gishiri.

Ya yi addu'a da harshenmu na C'lela, gajeriya. Sannan ya kama cinyar kazar ya ja. Ta zame. Ya sake kamawa, farantin ya nufi bakin tebur. Na yunƙura zan taimaka, Mama ta dasa mini mintsini a cinya, wallahi har washegari da shatinsa. Yaya ne ya sa hannu biyu ya riƙe farantin kawai, bai taɓa naman ba, idonsa a ƙasa. Baba ya danne kazar da gefen hannu, ya murɗa, gumi na tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Cinyar ta fita.

"Ta maƙwabci," in ji shi. Mama ta tara kwano.

Ɗaya cinyar ya ba Yaya. Ni ya ba ni fiffike biyu, ya ce masu yawo su ke cin fiffike. Mama kullum cewa take ita baya da wuya take so, ranar kuwa ya yago rabin ƙirji ya ɗora mata, da ta fara musu ya harare ta, ta karɓa. Sannan ya cusa yatsu cikin kazar yana lalube. Ya fito da su wayam. Ya sake cusawa.

"Ina ƙundu?"

Ƙundu na maigida ne, ko yaron goye a garinmu ya san wannan. Ni kuwa da nake gyaran kazar na ce a raina Baba ba zai iya tauna shi ba, na gasa shi daban a bakin garwashi, na sa a ɗan kwano na miƙa wa Yaya a madafa na ce ya ɗanɗana. Ban yi tunanin komai ba. Sai yanzu na ga abin da na aikata: ubana na zaune da ransa, ni na ɗauki rabon maigida na ba ɗansa.

Mama ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Yaya ya tashi ya shiga madafa. Ya fito da ɗan kwanon nan a rufe da murfi, ya durƙusa a gaban Baba, ya buɗe. Ƙundun na nan yadda na ba shi, ko yatsa bai sa ba.

"Ga shi, Baba. Ajiya aka ba ni."

Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, kuma na tabbata Baba ya gane. Ya dubi Yaya, ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

"Da ka ci," in ji shi, "da yau a kulle a gadurum za ka yi Kirsimeti."

Yaya ya fashe da dariya, hawaye na zubo masa, ƙaton soja da shi. Baba ya ɗauki ƙundun ya kai baki. Ya daɗe yana tauna shi ta gefe ɗaya, mu duka mun zuba masa ido, ba wanda ya taɓa nasa. Ya haɗiye. Ya kai hannu ya ɗauki kabewa, ya dangwala a romo. Ya ɗauki karas. Ya yagi sauran ƙirjin, har da 'yar fata, na gani sarai na kawar da kai. Romo na bin haɓarsa, ban ɗauko tsumma ba, shi ya goge da bayan hannunsa.

Da ya ƙoshi ya jingina da kujera yana maida numfashi. Mama ta fara tattara kwanoni. Sai ya ɗaga sanda ya taɓa ƙafata.

"Ke, Likita. Gobe me za ku dafa?"

Mama ta saki kwanonin a kan tabarma, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska.