Injin Sajan Ya Koma Jajaye

A duk shekarun da na yi ina aikin niƙa, akwai wata safiya da har yau ban manta da ita ba: safiyar da maigidana ya shigo ɗakin inji, layin kwanuka ya kai bakin titi, ya ce in kashe. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan kafin in sauka daga shugabancin ƙungiyarmu ta masu injin niƙa, wannan zan ba ku, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Ni mutumin Kafin Dafga ne a ƙasar Karaye. Aiki ne ya kai ni Rogo Ruma, wurin Alhaji Ɗanlami, wanda kowa yake kira Sajan. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya lokacin yaƙinsu. Da ya ajiye kaki sai ya dawo gida ya kafa injin niƙa da na surfe a ɗaki ɗaya, ya ɗauke ni afareta, wato mai tayar da inji da kula da lafiyarsa. Ku yaran yanzu kun fi sanin ƙananan injuna. Namu tsohon yayi ne mai shan gas, an ɗaure shi da noti a kan kankare, da hannu ake murɗa shi har ya kama. In ya kama kuwa, bugunsa har a bangon maƙwabta ake jin sa, balle da salansarsa ta fashe muka yi ta cewa gobe za a gyara.

Injin nan ne ya kai Sajan siyasa. Babu gidan da bai san hatsinsa ba a unguwar, ya san mai cin dawa, ya san mai cin masara, ya san gidan da kwanonsu ya fara raguwa. Da aka zo neman wanda zai tsaya kansila, mata suka ce shi suke so, ya tsaya ya ci. Lokacin da nake ba ku labari yana neman komawa karo na biyu ne.

A wannan karon yana da wani mutum da ya sa shi gaba, Kofur Mamman. Tare suka je Laberiya, amma tun da na san su ban taɓa ganin sun gaisa ba. Kofur gadi yake yi a Karaye, amma duk taron da 'yan adawa za su yi a Rogo sai an ɗauko shi an ɗora a bayan mota an ba shi lasifika. Maganarsa ɗaya ce kullum: wai Sajan bai taɓa harba bindiga ba, kuku ne, ludayi ya riƙe har aka gama yaƙin. Jama'a su yi ta dariya. Mu abin yana ƙona mana rai, amma Sajan bai taɓa mayar masa ba.

Ranar da abin ya faru zaɓe ya matso sosai, kuma bayan kaka ne, lokacin bukukuwa, lokacin da inji ba ya hutawa. Ina cikin zuba dawa sai na ga Sajan a bakin ƙofa yana min alama da hannu. Na rage wuta na matso. Ya ce, "Haladu, kashe shi."

Na ɗauka wata ƙara ya ji da ni ban ji ba. Na kashe, na ce masa bel lafiya yake, jiya ma na zuba baƙin mai. Ya ce shi ma ya san babu abin da ya samu injin, amma kada in sake tayar da shi a ɗakin nan sai ya ce. Na tambaye shi dalili, ya wuce ni kamar bai ji ba, ya fita wurin masu layi ya ba su haƙuri da bakinsa, ya ce kowa ya ɗauki kwanonsa. Wata dattijuwa da ake ɗaurin auren jikarta a makon ta tambaye shi ko gas ne ya ƙare. Ya ce a'a. Ta ce to mene ne? Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Iyakar bayaninsa ke nan.

Kafin azahar ya aika Karaye an ɗauko bakanike. Muka kwance injin daga kan kankare, muka ɗora a a-kori-kura, Sajan ya ce mu kai shi gonarsa ta Jajaye, akwai rumfar kwano a can, mu kafa shi mu ci gaba da aiki. A nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Jajaye mazaɓa ce daban. Ko duk mutanen garin sun so shi, ƙuri'arsu ba za ta shiga akwatinsa ba. Mutum yana neman kujera a Rogo Ruma, ya ɗauke abin da ya sa ake son sa a Rogo Ruma ya kai inda ba shi da abin nema.

Kafin mu gama ɗaure noti labari ya cika gari, kuma kowa da nasa. Wasu suka ce ya sayar da takarar ne. Wasu suka ce fushi ya yi da unguwar saboda sun je taron 'yan adawa, yana hora su. Wasu suka ce wani malami ne ya ba shi sa'a. Akwai ma masu cewa kujerar da ta fi ta kansila yake hange, shi ya sa ya fara zawarcin Jajaye. Duk wanda ya gan ni sai ya ja ni gefe, tunda ni ne afareta dole na sani. In na ce ban sani ba sai a yi murmushi a ce lallai Sajan ya iya horar da yaransa. Har matata ta daina tambayata, ta ce tunda na mayar da ita bare shi ke nan.

Wahalar kuwa ta gaske ce. Ɗayan injin da ke kusa ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar unguwar. Matan da suka shekara ba su taɓa taɓarya ba suka koma turmi. Masu tuwon sayarwa suka riƙa ba 'yan acaɓa buhu su kawo mini Jajaye, ribar ta tafi a hanya. Duk buhun da ya iso da saƙonsa yake zuwa, kuma ba na gaisuwa ba.

Shugaban jam'iyya na mazaɓa, Malam Inuwa, ya biyo ni har rumfar. Ya ce sun yi magana da Alhaji, ya yarda a mayar da inji, in fara kwancewa yanzu mota tana hanya. Na ɗauko sifana har na sa a noti, sai zuciyata ta ƙi. Na buga wa Sajan waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya ɗauke ni aiki, shi ko Inuwa. Na ajiye sifana. Malam Inuwa ya zauna a kan buhu ya riƙe kai, ya ce shi ma ƙarya ya yi don ya ceci mutumin, ya roƙi Sajan har a gaban dagaci ya faɗi dalili ko da na bogi ne, ya ƙi. Ya ce mini, "Ko kai ka gaya min, Haladu. In haukacewa ya yi mu sani, mu nemi wani." Na rantse masa ban sani ba. Bai yarda ba.

Amsar ta zo mini ta inda ban zata ba. Wata rana da hantsi wata mata mai suna Hajara ta kawo gero da kanta. Na san ta, gidan mijinta ne yake jingine da bangon ɗakin injinmu na Rogo Ruma. Ta bari har masu niƙa suka ragu, sannan ta durƙusa ta fara yi mini godiya, tana cewa Allah ya saka mana ni da Alhaji, Allah ya rufa mana asiri yadda muka rufa musu. Na yi ta amsawa da amin ban san abin da nake amsawa ba. Da ta lura fuskata babu alamar na gane, sai ta tsorata, ta so ta tashi. Na lallashe ta har ta faɗa mini.

Ashe 'yar Kofur Mamman ce. Ciwo ya kayar da shi a wurin gadi, zazzaɓi mai taɓa kai, aka kawo shi gidanta jinya a ɓoye. Washegari da na tayar da inji, tsohon ya diro daga gado ya shige ƙarƙashinsa, yana kiran sunayen mutanen da ba ta taɓa ji ba, yana ce musu su kwanta ƙasa. In aka kashe inji sai ya dawo hayyacinsa, in aka tayar sai ya koma. Ita da mijinta suka rasa yadda za su yi, don ba za su iya zuwa roƙon mutumin da mahaifinta yake ci wa mutunci a kasuwa ba. Sajan kuwa wucewa ya zo yi ta lungun, ya jiyo muryar ta taga, ya tsaya ya saurara. Bai shiga ba, bai yi sallama ba. Daga nan ya zo ya ce in kashe.

Da la'asar Sajan ya zo gona duba masu sussuka. Na same shi a gindin ɗorawa na ce masa na ji. Fuskarsa ta canza, ya tambaye ni wa na gaya wa. Na ce babu. Na ce amma ranka ya daɗe, da za ka bari a faɗa, yau ɗin nan unguwar za ta dawo hannunka, har 'yan adawa sai sun ji kunya.

Ya ce, "In aka faɗa, gobe sunansa Mamman mahaukaci. Yana da jikoki mata. Wa zai je neman aure gidan?"

Can na kasa haƙuri, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, ko gaskiya ne abin da Kofur yake faɗa a kansa.

Ya ce, "Gaskiya ne mana. Kuku ne ni. Ni nake dafa musu, su fita su dawo ba su cika ba, in rage yawan shinkafa. Ranar da aka yi musu kwanton ɓauna Mamman kaɗai ya dawo a motarsu. Ni na riƙa ba shi abinci a baki, kuma ko janareta aka tayar firgita yake, sai na danne shi. Bai yafe min ganin da na yi masa a haka ba."

Na ce to ai wannan ba laifi ba ne. Ya ce shi ma bai ce laifi ba ne. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce in je in tayar da inji mutane suna jira, kuma maganar nan in ta fita ya san bakin da ta fito.

Haka na ci gaba da shan tambaya da zagi har ranar zaɓe, yanzu kuma da nauyi biyu, don da ban sani ba nake cewa ban sani ba, yanzu na sani nake faɗin haka.

Ranar zaɓe ina tsaye kusa da Sajan a filin makarantar da ake jefa ƙuri'a, sai ga mijin Hajara ya goyo Kofur a babur. Ya rame ƙwarai, sai da aka riƙe shi ya sauka. Ya dangwala, ya jefa, sannan ya juyo ya ɗaga babban yatsansa mai tawada saitin Sajan, ya ce da ƙarfin da ya rage masa bai zaɓi kuku ba. 'Yan adawa suka sa tafi. Na dubi Sajan, sai na ga yana murmushi, irin wanda ban ga ya yi ba tun da aka fara kamfen. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Alhamdu lillahi. Ya warke."

Sajan ya faɗi zaɓen. Har a akwatin ƙofar gidansa bai kai labari ba, kuma kowa ya san matan unguwa ne suka rama. Malam Inuwa ya daɗe ba ya amsa sallamata. Bayan an mayar da Kofur Karaye muka dawo da injin, aka sa masa sabuwar salansa, layi ya dawo kamar ba a yi komai ba, har da masu tsokanar Sajan cewa yanzu ya ji jiki.

Abin da har yau ban sani ba shi ne ko Kofur ya san abin da aka yi dominsa. Hajara ta ce ba ta gaya masa ba. Amma mutumin da ya kwana a jikin bangon inji ya ji shiru, ya kuma ji duk gari ana maganar an kai inji Jajaye, da wuya a ce bai haɗa ba. Da ya rasu Sajan yana sahun gaba, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Shi ma Sajan ya bi shi bayan 'yan shekaru, kuma Hajara da kanta ta ce yanzu in na so in faɗa, 'ya'yanta duk suna ɗakunansu.

Abin da zan ce muku game da sana'ar nan kaɗan ne. Mu muna cikin ɗaki, ƙara ta toshe mana kunne, idonmu yana kan gari da bel, muna ganin mun san unguwa don mun san kwanukanta. Ni na yi shekaru ina tayar da inji a jikin bangon mutane ban taɓa zagayawa na ga wa yake kwance a bayansa ba. Tun daga lokacin, duk inda zan kafa inji sai na bi maƙwabta gida-gida na yi sallama tukuna, kuma ina so ku ma ku riƙa yi. Siyasa kuwa kada ku tambaye ni. Na zauna da mutum ɗaya da ya shige ta, na ga ya yi abin da ya fi kowane alheri a zamansa na kansila, kuma shi ne abin da ya kayar da shi.