Zaren Dona Zuleide

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Dona Zuleide a gida ba. Kafin likita ya iso ƙaramin asibitin dabbobin unguwarmu a birnin Belém, ta share, ta canja wa majinyatanta ruwa, ta sha kofinta a tsaye. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma majinyatan nata 'ya'yan mesa ne, waɗanda mutane ke kiwo a gida. Ba ta da takardar likita. Ma'auni gare ta, sai ƙunshin zare a aljihu.

Kowace 'yar mesa da zarenta. Duk wata sai ta bi jikinta da shi daga kai zuwa wutsiya, ta yi ƙulli inda tsawon ya tsaya.

Ku tambayi Seu Valdemar, tsohon direban jirgin ruwa, wanda tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira sai 'yar mesarsa, Pipoca. Wata safiya ya shigo hankali tashe, da ita a cikin jaka.

"Dona Zuleide, ki taimake ni! Sau biyu ke nan tana amayar da abinci."

"Me kake ba ta?"

"Gafiya mana. Ai ta girma. Mita ɗaya da kwata, ni da kaina na auna."

"Ita ta tsaya maka ka auna?"

"Ina! Saɓarta na auna."

Dona Zuleide ta riƙe baki. "Haba Seu Valdemar! Saɓa ai miƙewa take in an tuɓe ta. Riga ka auna, ka ɗura wa mai rigar!"

Ta bi jikin Pipoca da zare, ko mita ɗaya ba ta kai ba. Nan wasa ya ƙare. Ta ce lafiyayyar mesa kamar burodi take, mai kusurwa huɗu, tasa kuwa ta yi ƙiba ta koma gora, kuma in ta yi amai na uku ba lalle ta tashi ba. Sati biyu ba abinci. Bayan nan sai ɗan ɓeran da bai fi kaurin cikinta ba, duk kwana goma.

"Sati biyu? Ai yunwa ce za ta kashe ta!"

Ta dubi tumbinsa. "Kai ma da ka taya ta, da ka ji daɗin jikinka."

Kullum sai ya zo roƙon a rage kwanakin, kullum sai ta zuba masa kofi ta ce a'a. Pipoca ta tashi.

Ke ce, Dona Zuleide, mai hana gaggawa. Ke kika koya mana cewa girma daban, ƙiba daban. Wallahi muna ƙaunarki, har da faɗan naki.

Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aiki. Mutane suka cika asibitin, kowa da zarensa a hannu. Seu Valdemar ya warware nasa, na shekara huɗu, ƙulli kusa da ƙulli, ya kusa mita biyu. Maimakon jawabi, sai kawai ya rataya mata shi a wuya.

Mun gode, Dona Zuleide. Allah ya ba ki hutu da lafiya. Mu kuma da ke da abin raino a hannu, dabba ko mutum, mu yi koyi da ita: mu auna shi kansa, ba rigarsa ba.