Kifin Zenabu Mai Ɗinki

Larai tana cikin takaba a Jurf, wata unguwa a Madina, abinci ya ƙi bi mata wuya, sai ga maƙwabciyarta Zenabu da faranti a rufe. Gasasshen kifi ne, an ɗinke cikinsa da zare. Zenabu ta zauna a tabarma tana tsince ƙaya, tana tura mata tsokar gabanta. Ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta ce dai, "Ci, 'yar'uwa, ba yaji."

Zenabu haifaffiyar Madina ce, jikar masu zuwa Hajji a ƙafa. Ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwa 'yar Azarbaijan, Nene Gulsum, wadda ɗanta ya kawo don ta ƙare kwananta kusa da Manzo. A wurinta ta koyi wannan kifi, labangi. Ana goge albasa, a matse ta cikin ƙyalle har ta bushe, a haɗa da dakakken joz, gyaɗar nan ta bishiya, da zabibi da tsamin ruman, a cusa a ɗinke. A jera 'yan itace a tire, kifin ya kwanta a kansu.

Ranar farko da ta gwada, Zenabu ta ƙi matse albasar. Wa ke zubar da ruwan albasa, ai shi ne miya? Kifin ya fashe a murhu, ya zama fate. Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

Da aka kai Nene Gulsum maƙabartar Baƙi'a, Zenabu ta riƙa dafa kifin duk shekara, sadaka gare ta, tana aika wa ɗalibai 'yan ƙasar tsohuwar da ke Jami'a. Su kan zo bakin ƙofa su karɓa, suna kiranta Nene. 'Ya'yan Zenabu kuwa ba sa ci.

Bana hannun dama ya mutu mata. Larai ta shiga ta tarar da ita gaban roba cike da albasa, ta danne ƙyallen da gwiwa tana murɗawa da hagu, ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan. 'Yarta Suhaila na tsaye da waya.

"Khalas ya Ummi, ya isa haka, a yi wa ɗaliban odar buros mana, soyayyar kazar nan!"

"Ke dai da buros za a binne ki."

"Wallahi in suka ji halin da kike, su da kansu za su ce ki bari."

Zenabu ta ƙara murɗa ƙyallen. Ta san gaskiya ne, yaran masu kunya ne, kuma in suka daina zuwa babu sauran mai cin abin hannunta.

Larai ta naɗe hannun riga, ko da yake nata wuyan hannun ma ciwo yake. Ta matse, ta cusa, ta kama allura. Ɗinkin ya fito a karkace. Zenabu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta jingina da bango ta lumshe ido.

"Larai, idan sun zo bayan la'asar, ki lulluɓa min mayafi a kan hannun nan, ki zaunar da ni bakin ƙofa. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki dai miƙa tiren, ki yi shiru."