Kuɓewar da Kaka Ta Tsallako da Ita

Ina yaro abin nan ya faru, kuma na san tunani yakan yi wa mutum ƙari da ragi, musamman a kan abin da ya ɓata masa rai. Saboda haka ba zan rantse a kan kowane ɗan bayani ba. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne wata safiyar Asabar, a damunar da nake aji biyar na firamare, a ƙauyenmu da ke gaɓar tafkin Kainji ta wajen Ngaski. Kakata ta dawo daga Yelwa, inda ta je gaisuwar rasuwa ta kwana biyu, ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan ɗakinta kamar yadda ta saba. Na bi ta da ƙullin kayanta. Lambun da ta bari kore shar ya koma ruwan toka, ganye ya yi yaushi ya nannaɗe kamar an bi shi da wuta, ga wani wari mai hawa kai. Ta shiga ciki. Daga nan ta durƙusa ta kama wani ɗan kuɓewa da ke ɗaure da jan tsumma, ya zube a hannunta.

Lambun ba wani babba ba ne, bai fi filin ɗaki biyu ba, an kewaye shi da dangar kara. Amma a ciki akwai kuɓewa da yakuwa da rama da barkono, kabewa ta hau danga, zogale biyu a kusurwa, lalo da karkashi kuwa su ke fitowa da kansu, ita kuma ta bar su. Gidanmu gidan masunta ne, don haka takin Kaka daga kifi yake. Hanji da ɓawon da aka cire kafin a yi banda ba a zubarwa, mu yara ake ba mu a tsohuwar roba mu haƙa rami mu binne, muna toshe hanci. Ruwan da aka wanke kifi a gindin shuka yake ƙarewa. Tokar banda kuwa da sassafe take barbaɗa ta a kan ganye, tun raɓa ba ta bushe ba, saboda ƙwari. Idan mun yi ƙorafi sai ta ce, "Kun ci naku, ku ba ƙasa nata." Aikina na kullum bayan an tashi makaranta shi ne toshe duk kafar da awaki suka yi a danga, kuma sau da yawa nakan baro wasan langa a tsakiya saboda na hango akuyar maƙwabta ta nufi wajen.

Kuɓewar ita ce abin da Kaka ta fi ji da shi. Doguwa ce, siririya, da ja-ja a jikinta, ga yauƙi, kuma takan ci gaba da 'ya'ya bayan ruwa ya ɗauke. Muna ce mata 'yar gungu. Yadda Kaka ta faɗa mana, an haife ta a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, kuma lokacin da aka datse ruwa aka tashe su, ta ƙulle irin a bakin zanenta ta shigo jirgi da shi. Gidansu da kabarin iyayenta suna ƙarƙashin tafki. Irin nan shi ne abin da ya tsallako tare da ita. Kowace shekara sai ta zaɓi 'ya'yan farko masu kyau ta ɗaura musu jan tsumma, su bushe a jikin uwar, sannan ta rataye su a saman banda inda hayaƙi ke korar ƙwaro. Ko ba miya a gidan, ba mai taɓa mai tsumma. "Uwar iri ba a kai ta tukunya," in ji ta. A waccan shekarar, in ban manta ba, shukar farko ta ƙone saboda ruwa ya yi jinkiri, sai ta juye sauran irin duka ta sake shukawa. Ke nan duk abin da ya rage na 'yar gungu a gidanmu yana tsaye a lambun.

Wanda ya yi feshin ƙanen mahaifina ne, ɗan Kaka na cikinta. Zan ce masa Baffa kawai, domin yana raye, kuma ina ganin girmansa. Lokacin ne maganin ciyawa ya fara shigowa wajenmu. Baffa ya aro tankin feshi ya yi gonarsa ta dawa, magani ya yi saura, sai ya ga bai kamata ya tafi a banza ba. Ya bi gefen gida da shi, wai saboda macizai, ya tura ƙyauren danga ya shiga lambun ya fesa tsakanin shukoki. Ina kyautata zaton nufinsa ya hutar da tsohuwa cirar ciyawa. Amma bai tambayi kowa ba, alhali matan gidan suna tsakar gida suna gyaran kifi, murya ɗaya zai ɗaga.

Ba feshin ne ya fi ci mini rai ba har yau, abin da ya biyo baya ne. Da Kaka ta aika aka kira shi, ta ce, "Wa ya aike ka cikin lambuna?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, kuɓewa ce fa. Ranar kasuwa in sawo miki iri na kamfani, wanda ya fi wagga." Mazan da ke gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida suka taya shi, wani ya ce tsohuwa na makokin miya. Da gonar dawar wani aka yi wa haka, na tabbata sai an je gaban mai gari. Amma tunda lambun mace ne a bayan ɗaki, ko haƙuri ba wanda ya ba ta. Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ruwa ya ci garinmu bai ci ta ba, sai kai da na haifa."

Ta bi gidajen da ta taɓa ba su irin, ina biye da ita. Wata ta ce sun cinye ba su bar na iri ba. Wata nata ya gauraye da na kasuwa. Wani gidan kuma su ma an fesa. Baffa ya cika alkawari, ya kawo iri a 'yar takarda mai hoto. Kaka ta karɓa ta yi godiya, ta shuka, ta yi miya da ita, amma ban sake ganin ta ɗaura jan tsumma ba har ta rasu.

Ba ina cewa maganin ciyawa ba shi da amfani ba. Na yi noma da fartanya, na san ciwon baya, kuma ban isa in hana kowa sauƙi ba. Sai dai a da mai noma yakan ƙetare lalo da karkashi idan ya same su a kunya, domin ya san miyar wani gida ce, ko ba nasa ba. Tanki ba ya ƙetare komai. Yanzu idan na je gida sai in ga matan ƙauyen da ke bakin ruwa suna aiken yara kasuwa sayen ganyen miya, hanjin kifi kuma ana watsa wa karnuka. Inda lambun Kaka yake a da, babur ake ajiyewa. Ni da nake zaune a Yelwa na jera tsofaffin bokitai a bayan ɗakin haya ina shuka kuɓewa, ina ɗaura wa ta farko tsumma, ko da yake na san ba ita ba ce.

Akwai waɗanda suka ga wannan abu da idonsu, wasu sun girme ni. Idan na yi kuskure, ko na ɗora wa Baffa fiye da nasa, ina roƙon su gyara mini, zan karɓa. Kuma idan akwai wani gida a Ngaski ko Shanga ko Yauri da har yanzu ake shuka doguwar kuɓewa mai ja-ja a jiki, don Allah a bar wasu su bushe, a sanar da ni.