Sandar Fatsar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya dawo gidanmu na unguwar Kurayyat da zama bayan ya bar aikin gadi a wani gida da ke Abhur, can bakin teku. Rawar hannu ce ta raba shi da aikin. Kayansa ba su da yawa: akwati, darduma, sai wata doguwar sanda naɗe a tsohon zani.

Sandar fatsa ce ta gora, gaɓa biyu, shi ya haɗa ta da kansa tun yana saurayi a Sudan. Ya ce a bakin madatsar ruwan garinsu ya ga wani Bature yana kamun kifi ba tare da tsutsa ba, sai gashin tsuntsu ɗaure a ƙugiya, yana wurga zaren ya sauka a kan ruwa kamar ƙwaro. Ya tsaya ya kalla, ya koma gida ya yi tasa da wayar ƙafar keke da gashin zabo.

Da na kwance zanin, gishirin teku ya riga ya cinye ta. Zobban da zaren ke bi ta ciki duk sun yi tsatsa, biyu sun gutsure. Fatar mariƙin ta bushe ta dare, kan sandar kuma ya tsage.

"Kawu, a sayo maka sabuwa mana. Suna nan a kantuna."

"Na san suna nan, 'yar nan. Ke dai ba ɗinki kike yi ba? Zare kawai za ki naɗa."

Ɗinkin abaya nake yi a gida, saboda haka bayan la'asar, idan na rufe keken ɗinki, sai mu hau saman bene. Shi yana faɗa, ni ina yi. Na sa reza na yanke tsohon zaren da ya ɗaure zobban, na cire su, na goge gorar da samfefa har launinta ya fito. Maigidana, wanda direba ne, ya kawo zobban da ba sa tsatsa daga wani kanti a unguwar Aziziyya. Kawu ya juya su a tafin hannu, ya ce sun yi nauyi, amma a sa.

Naɗin ne ya ba ni wahala. Dole zaren ya kwanta layi kusa da layi, kada wani ya hau wani, a ɓoye bakinsa a ƙarƙashi ba ƙulli. Idan na gama sai ya bi da babban yatsansa, ya ce in kwance. Ban yi masa musu ba. Zaren siliki na abaya na yi amfani da shi, baƙi, na shafe shi da man farce marar launi. Mariƙin kuwa na naɗe shi da fatar wata tsohuwar jakata. Kan sandar bai gyaru ba, sai muka yanke shi, muka dasa kan wata karyayyiyar sandar kanti da maigidana ya tsinto a bakin ruwa. Zabo bai samu ba, gashin kaza muka ɗaura a ƙugiyoyin.

Wata Juma'a da sassafe muka tafi Abhur mu uku. Akwai 'yar iska. Kawu ya tsaya a kan duwatsu, ya ɗaga sandar, ya kai ta baya, ya kawo ta gaba. Zaren ya zube a gabansa. Ya sake, ƙugiyar ta kama hularsa. Maigidana ya cire masa ita. Ya gwada kaɗan, sannan ya zauna, ya ɗora sandar a cinya.

Kusa da mu akwai wani mutumin Yaman, magidanci, yana fatsa da jatan lande. Tun zuwanmu yake satar kallon sandar. Ya matso ya gaishe mu, ya tambaya ko ƙirar hannu ce. Kawu ya miƙa masa, ya yi masa bayani da Larabci: kada ya sa ƙarfi, ya jira zaren ya miƙe a bayansa tukuna. Da farko mutumin ya kasa, daga baya zaren ya fara tafiya. Rana ta ɗan ɗaga sai ga wani siririn kifi mai dogon baki ya cafke gashin. Sandar ta lanƙwasa, naɗina bai motsa ba.

Kawu bai kalli kifin ba, sandar yake kallo.

"Kan ya yi tauri," ya ce da ni. "Amma ta yi."

Da muka tashi tafiya mutumin ya miƙo ta, Kawu ya ce ya riƙe. Mutumin ya ƙi, ya rantse, Kawu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, taka ce." Na ji abin a raina, don makonni na yi a kanta, amma ba tawa ba ce.

A mota maigidana ya tambaye shi dalili.

"Shi kullum yana bakin ruwa," in ji Kawu. "Ni kuma kun gani."

Kafin mu taso mutumin ya ba mu kifin a leda. Na soya shi da rana, ƙaya ta yi masa yawa, Kawu ya ci kaɗan ya tafi masallaci.