Sosej Rol Ɗin da Baba Yake Nema

Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti muka shiga rigimar abinci a gidanmu na Makera. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya ɗan karkace, yatsun hannun suka dunƙule kamar ya riƙe wani abu ya ƙi saki. Likita ya gaya mana dalla-dalla cewa magungunan nan ba a shan su ciki ba komai, in kuwa ya ci gaba da ƙin cin abinci, sai dai a mayar da shi gado a zura masa roba ta hanci. Baba ya ji da kunnensa, har da gyaɗa kai. Muna dawowa gida ya rufe bakinsa ruf.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma tun rasuwar Inna ni ke kula da cikinsa. Na baro gidana a Kamazou na tare a tsohon ɗakina. Girki kuwa sana'ata ce, ni ke yi wa mutane cincin da kek da su sosej rol na biki da suna, don haka ban ɗauka ciyar da tsoho ɗaya zai gagare ni ba. Na dama kunu, ya kau da kai. Na yi faten doya, ya ce ya ƙoshi. Na yi farfesun kaza, ya ce in kai wa jikokinsa. In na ɗebo a cokali na nufi bakinsa, sai ya ƙura wa bango ido kamar ba da shi nake ba. Shayi kaɗai yake zuƙa da 'yar roba, shi ma sai na fita daga ɗakin. Ya kuma kafa doka cewa kada a gaya wa kowa yana kwance, ba ya son 'yan dubiya.

Ina kallo rigarsa ta fara yi masa yawa. Tsoro nake ji, amma da yake ni mai saurin fushi ce, tsoron sai ya riƙa fitowa a faɗa.

Wata safiya ina share ɗakin sai na ji ya yi magana, harshen nan da nauyi.

"Sosej rol."

"Na'am, Baba?"

"Irin na bakin masaƙa."

Na yar da tsintsiya don murna. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, yana tsaye a kan injin saƙa har zuwa lokacin da injinan suka yi shiru. Na san akwai matan da suke tallar abinci a bakin get, wato ƙofar masaƙar, a wancan zamani. To, in dai sosej rol ne, ai an zo gidansa.

Na yi masa irin nawa, wanda amare ke yi mini waya a kansa. Na murje fulawa da bota mai sanyi, na soya niƙaƙƙen nama da albasa da kori da tayim, na naɗe, na yanka ƙanana-ƙanana tun da an ce a riƙa ba shi abu mai laushi, na shafe da ƙwai na gasa. Suka fito jawur, kana taɓawa suna marmashewa. Na jera a faranti na kai masa har da rangwaɗa.

Ya leƙa farantin sau ɗaya. "Ba shi ba ne."

"Baba, ko ɗanɗanawa fa ba ka yi ba."

"Wannan na 'yan gayu ne."

Na ɗauke farantin na fita.

Maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, mutumiyar Binuwai ce, shekara da shekaru katanga ɗaya ta raba mu, ita kam ba a iya ɓoye mata komai. Da ta ji labari ta ce ni ce ban san na da ba, na da soyawa ake yi. A gidanta da alade take yin nata, amma ta san gidan da za ta shiga, don haka da kanta ta je ta sayo sosej na naman shanu, ta nuna mini hoton saniyar a jikin leda, ta shigo kicin ɗinmu ta yi da kaskonmu. Ta naɗe kowane sosej da siririn kwaɓi kamar an yi wa jariri zani, ta jefa a mai. Na yayyanka na kai. Baba ya gode mata ƙwarai, ya sa wa 'yan biyu albarka, tana juya baya ya ce, "Ba shi ba ne."

Daga nan kowa ya zama gwani. Ƙanena da ke Abuja, wanda ko ƙwai bai iya dafawa ba, ya dinga turo mini bidiyo a waya. Wannan an naɗe sosej da yankan burodi an soke da tsinke. Wancan an yi kwaɓin da yis ya tashi kamar burodi. Wani kuma an tsoma sosej ɗin a ƙullun fanke. Duk na yi, wallahi duk na yi. Har na leda da ake tallarsa a kan titin Abuja na sa aka sayo, na ɓare, na yanka gutsi-gutsi na ɗora cokali mai yatsu a gefe. Yaran unguwa suka yi ƙiba a kan ciwon Baba, shi kuwa amsarsa ba ta canja ko da wasali ɗaya ba.

Na durƙusa gabansa na ce, "Don girman Allah, Baba, yaya yake? Gishiri ne ya yi kaɗan? Yaji? Naman ne?"

Ya ce, "Kin taɓa shiga masaƙa?"

"A'a."

"To."

Ya juya fuska. Na tashi na shiga kicin na yi kuka na takaici, ina yi ina zagin fulawa.

Ranar da abin ya ƙare, ban yi girkin da zuciya ɗaya ba. Bota ta kusa ƙarewa, na ce ba zan sake hawa keke zuwa kasuwa saboda abin da za a ce ba shi ba ne. Na zuba 'yar wadda ta rage, na huce haushina a kan kwaɓin, na yi ta dukansa har ya yi danƙo. Na naɗe su dogo-dogo ban ko damu in yanka ba. Na kunna obin ke nan aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na hura gawayi, na zuba yashi a gindin tsohuwar tukunyar Inna na gasa su a ciki. Suka fito baƙi-baƙi, da tauri kamar icen girki. Ko almajirin girki ba zai yarda a ce shi ya yi su ba. Na ajiye tiren a tsakar gida da niyyar in jiƙa wa kaji.

Sai ga sallama. Wani tsoho ne dogo da sanda, Maman 'yan biyu na biye da shi tana sunkuyar da kai irin na mai laifi. Na gane shi nan take. Abokin aikin Baba ne tun na masaƙa, mutumin Filato, dattijo ne a cocinsu, shi ya sa Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Dattijo. A Gonin Gora yake zaune yanzu. Ashe sun haɗu da maƙwabciyata a wajen wani ɗaurin aure, bakinta ya kasa riƙe dokar Baba.

Na ce, "Baba Dattijo, ya ce fa ba ya son ganin kowa."

Ya ce, "Ni kowa ne? Matsa mini, 'yata."

Zai wuce sai idonsa ya faɗa kan tiren kajin. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki guda, ya ƙwanƙwasa shi a kan sandarsa. Na ce kada ya ci, ya lalace. Bai ko kalle ni ba, ya shige da shi ɗakin, ya ce in kawo shayi kofi biyu.

Da na shigo da shayin na tarar Baba ya ja mayafi ya rufe hannun daman, yana ta faɗa cikin nauyin baki, wai wa ya ce a kira masa Dattijo. Dattijo ya zauna a bakin gadon.

"Malam, rufe mini baki. Ko da can ba kyau ne da kai ba, balle ka ce ciwo ya rage maka wani abu."

Ya karya sosej rol ɗin gida biyu, sai da ya sa ƙarfi. Ya yaye mayafin, ya kamo hannun nan da ya shanye, ya cusa rabin a tsakanin dunƙulallun yatsun. Abin ya zauna daram, bai marmashe ba, bai zame ba. Ya tallafo gwiwar hannun, ya kai shi bakin kofi ya tsoma kan a shayi, sannan ya ɗaga har saitin bakin Baba. Duk wannan bai kalle shi ba, ya juya yana gatsar nasa rabin, yana ba ni labarin yadda ruwa ya cinye musu hanya a Gonin Gora.

Na ji Baba ya ce bismillah ƙasa-ƙasa. Ya gatsa.

Ban motsa daga bakin ƙofa ba, ina tsoron ko numfashina ya ɓata abin. Ya tauna ta ɓarin da ke da lafiya, ya haɗiye, hannun ya sauka, Dattijo ya sake ɗagawa. Da rabin ya ƙare Dattijo ya ce, "Na matar bakin get ya fi wannan tauri." Baba ya ce, "Nesa ba kusa ba." Suka aike ni in kawo wani. A ranar Baba ya sha maganinsa a kan abinci.

Da na raka Dattijo bakin titi neman keke, na ce masa ni fa ban gane ba.

Ya ce, "Mutumin nan tun muna samari muke ci tare. Ko ranar da inji ya yanke shi a hannun dama aka naɗe hannun, da shi ya ci. Ba zai kai loma da hagu ba, kuma ba zai hangame baki 'yar da ya haifa ta sa masa cokali ba. Abin da zai iya riƙewa yake nema."

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na koma gida na tsaya a kan Baba na ce, "Yanzu fisabilillahi da ka ce mini in yi shi dogo mai tauri, me zai ragu a jikinka? Ka bar ni ina ta yanka maka ƙanana, kana ramewa a gabana?" Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Sai a lokacin na lura idonsa ya cika da ƙwalla. Na kwashe kofuna na fita.

Har yau ina yin na amare yadda na saba, mai bota, mai marmashi. Na Baba kuwa daban nake kwaɓa shi, bota kaɗan, duka da yawa, a tukunyar yashi ko da akwai wuta. In baƙuwa ta shigo kicin nakan rufe shi da murfi don kada sunana ya ɓaci. Daga baya mun gano doya soyayya da dogon yankan nama ma suna zama a hannun, amma karin safe ba ya canjawa.

Kullum da safe nakan karya guda gida biyu, in cusa masa rabi a yatsu, in tallafi gwiwar hannun, in juya fuskata wajen taga ina cin nawa rabin da ke neman karya mini haƙori. Yakan cinye tas, ya kurɓi shayi, ya ce, "Ba shi ba ne."

Ni kuma in ce, "Na sani, Baba," in miƙa hannu in karyo wani.